Allurar da ke ƙona daji a cikin hanta

Mu da muka tashi a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, mun sha jin manya na cewa daji ba ya son allura. Da zarar ƙari ya fito wa mutum a cinya ko a hannu, sai a ce kada a kai shi asibiti, wai ƙarfe na taɓa shi zai fusata. Sai a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wani lokaci a kira wanzami ya yi sakiya, wato ya huda kumburin da ƙarfe mai zafi. Da muka shiga jami'a sai muka ji abin da ya ba mu mamaki: akwai allurar da aka ƙera musamman don ta shiga cikin dajin ta ƙone shi.

Mene ne sakoma?

Ciwon daji, ko sankara, iri-iri ne. Wanda likitoci ke kira sakoma yana tsirowa ne a tsoka, kitse, ƙashi, guringuntsi ko bangon jijiyar jini, kuma ya haura iri 70. A cikin manya masu sankara, kusan mutum 1 ne cikin 100 ke da shi, amma a cikin yara da matasa kasonsa ya fi haka nesa. Wani irinsa ma ya fi kama ƙashin da ke kusa da gwiwa a shekarun da jiki ke saurin girma, wato shekarunku na sakandare.

Sakoma yana yaɗuwa ta hanyar jini. Na hannu da ƙafa ya fi zuwa huhu. Wanda ya tsiro a tumbi ko hanji kuwa hanta yakan nufa, domin jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya koma zuciya. Hanta takan tace wannan jini, a nan ne ƙwayoyin cutar ke maƙalewa su kafa sabon ƙari.

Yadda ake aikin

Hanyar da aka fi sani ita ce tiyata: a buɗe ciki a yanke ɓangaren hantar da ya kamu. Sai dai ba kowane majiyyaci ke iya jure babbar tiyata ba. A farkon shekarun 1990 likitoci a Italiya da Amurka suka fara gwada ƙona ƙarin yana inda yake.

Bayan an kashe wa majiyyaci zafi ko an sa shi barci, likita zai ɗora na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ko ya yi amfani da na'urar CT. Yana kallon allo yana tura siririyar allura ta fata har tsininta ya isa tsakiyar ƙarin. Daga nan a kunna wuta. Tsinin yana fitar da zafi ta hanyar lantarki mai saurin kaɗawa, ko ta igiyar zafi irin ta na'urar ɗumama abinci. Idan zafin ya wuce digiri 60, ƙwayoyin ƙarin suna mutuwa nan take. Akwai kuma wadda ke aiki da sanyi: iskar agon ce ke daskarar da ƙarin har ya zama dunƙulen ƙanƙara. Ana haɗawa da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, don kada a bar saura. Sau da yawa majiyyaci yana komawa gida washegari, da ɗan tabo kawai.

Kun ga bambancinta da sakiya. Wanzami yana huda abin da bai gani ba kuma bai san ko mene ne ba. Idan maruru ne, mugunya ta fita a samu sauƙi. Idan sakoma ne, babu mugunyar da za ta fita: an buɗe gyambon da ba ya warkewa, an kuma wahalar da tiyatar da za a yi nan gaba.

Inda gizo ke saƙa

Wannan allura tana da iyaka. Ta fi aiki idan ƙarin bai wuce santimita 3 ba, kamar girman goro, kuma idan ba su da yawa. Idan ƙarin yana jikin babbar jijiya, jinin da ke gudu yana kwashe zafin, wani ɓangare ya tsira. Kuma abin da hoto ya nuna kaɗai take kashewa, shi ya sa ake haɗa ta da magani. Misali, tun 2002 ake amfani da ƙwayar imatinib wajen wani irin sakoma na tumbi da hanji.

Ke nan lokaci shi ne komai, kuma lokaci ne muka fi asara a yankinmu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake gwajin tsokar ƙari da gashin sankara, yana da nisa da mu. 'Yan bindiga sun sa hanyar Goronyo ta zama abin fargaba, ga kuɗin mota, ga na gwaji. Idan aka ƙara da wata shida na jiƙo a gida, goro ya zama ƙwarya.

Abin da ke hannunmu

Ku riƙe alamu huɗu: ƙarin da ke ta girma, wanda ya kai girman ƙwan kaza, wanda ke can ciki ƙarƙashin tsoka, ko wanda ya dawo bayan an cire shi. Haka ma ciwon ƙashi da ke hana barci ba tare da an faɗi ko an buge ba. Yawancin ƙari ba daji ba ne, amma likita ne zai tantance. Babban asibitin Isa ko na Sabon Birni ya isa wurin farawa, daga nan a ba da takardar zuwa Sakkwato. Idan kun ga irin wannan a jikin ƙane ko kaka, ku faɗa wa Baba da Inna cikin ladabi, ku karanta musu wannan shafi.

Ga masu ajin kimiyya kuma: ƙwararrun wannan aiki kaɗan ne a Nijeriya. Jami'ar Ɗanfodiyo tana koyar da likitanci da ilimin ɗaukar hoton jiki, kuma darussan da za ku zauna wa a JAMB su ne Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Darasin lantarki da na zafi da kuke gani kamar wahala a aji biyu, su ne ke aiki a tsinin allurar nan.