Guntun Bidiyo Ba Fim Ba Ne

Wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ta ishe ni, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba. Sai a yanko daƙiƙa talatin ko arba'in daga tsakiyar fim, a ɗora masa jan rubutu wai ga irin abin da 'yan fim suke koya wa 'ya'yanmu, a watsa a WhatsApp da TikTok da Facebook. Kafin la'asar an tsine wa jarumar, an haɗa da iyayenta, an kuma yi kira ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta kamo daraktan. Ka tambayi wanda ya turo maka sunan fim ɗin, ya ce shi ma turo masa aka yi. Wani lokacin fim ɗin ya shekara goma da fitowa. Wani lokacin ma ba fim ba ne, shirmen 'yan barkwancin waya ne aka jingina wa Kannywood. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wannan aiki suna ganin sharhi suke yi.

Sharhin fim dai shi ne mutum ya kalli fim daga farko har ƙarshe, ya faɗi abin da masu shi suka nufa, da ko sun cim masa, ya kawo dalili. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a shekarar kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Kafin su ma, 'yan kallon da ke fitowa daga silimar Plaza ko Orion ko Eldorado a Kano gardamar fim suke yi har su isa gida. Su ne suka sa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka sa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Ko me za ka ce game da waɗannan mutane, sun zauna awa uku a kan benci sun ga ƙarshen labari kafin su buɗe baki.

Tushen wannan ɗabi'a kuskure ne guda, kuma ya yi kanta a zukatan jama'a: wai duk fim ɗin da ya nuna ɓarna, to ɓarnar yake koyarwa. An nuna ɗan shaye-shaye, fim ya koyar da shaye-shaye. An nuna kishiya ta je wurin boka, fim ya koyar da tsafi. Da wannan ma'auni ake yanka, kuma ma'aunin karkatacce ne.

Mu ɗauki Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957, fim ɗin da iyayenmu suka yi ta komawa silima dominsa. Akwai wurin da ambaliya ta cinye gonar Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Miji ya tafi, yara suna kukan yunwa, babu ko ƙwayar hatsi a ɗaki. Sai ta tashi ta nufi gidan Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, wanda ya daɗe yana nemanta da lalata, a kan ta miƙa wuya ya ba ta abin da yaranta za su ci. To a ce wani ya yanko shigarta gidan nan da tsayuwarta a gabansa, ya watsa. Me za a ce? Za a ce fim ne da yake koya wa matan aure sayar da mutunci idan talauci ya matsa. Amma wanda ya ƙara haƙurin 'yan mintuna ya san ta dawo cikin hayyacinta, ta fito da mutuncinta, ta koma ta kama noma. Wanda kuma ya kai ƙarshe ya san matar nan ita ce ta harbe ɗanta Birju da hannunta, lokacin da ya zama ɗan fashi ya sace 'yar Sukhilala, don ba za ta yarda a keta haddin 'yar kowa ba, ko da 'yar maƙiyinta ce. Ba a gane ƙarfin wannan harbi sai an ga daren da ita kanta ta kusa faɗawa. Mai yanko guntun nan kamar wanda ya lashi daddawa ita kaɗai ne ya rantse miyar ba ta ciwuwa.

Mu dawo gida. Shehu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Me ke ciki? Hassadar fadawa da ta sa aka kori Makau daga gari, satar yaro, cinikin bayi, ayarin da ke keta Sahara, da uwar da ta bazama neman ɗanta har ita ma aka bautar da ita. Akwai wanda ya taɓa cewa Firayim Ministan Nijeriya na farko ya rubuta littafin koyar da satar mutane? Shekara da shekaru ana karantar da shi a makarantu. Haka Magana Jari Ce na Abubakar Imam, cike yake da ɓarayi da 'yan damfara da Waziri maci amana. Haka Gizo a tatsuniya, maƙaryaci ne, mayaudari, mai haɗama, amma kakanninmu ba su ɓoye mana shi ba, da shi suka yi mana tarbiyya a dandali. Labarin da babu mugu a cikinsa, babu jarrabawa, babu wanda ya zame ya faɗi, ba ya koyar da komai, kuma ba mai zama ya saurare shi.

Na zamani ma haka ne. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya ƙirƙiri jihar Alfawa, ya ba ta Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya hau. Ana shirya maguɗi, ana sayen bakin 'yan jarida, ana kashe-mu-raba da dukiyar talaka. Duk mai hankalin da ya bi shirin ya san ana tona asirin abin da muke gani ne a siyasarmu. Amma ka yanko wurin da ake ƙulla makirci shi kaɗai, sai ya zama darasin maguɗin zaɓe.

Daga wannan kuskure ne wani ya tsiro, wato haɗa ɗan wasa da rawar da aka ba shi. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta yi suna da fitowa a masifaffiyar uwa ko muguwar kishiya, har ta rasu a 2024. In ka ji haushinta a fim, to aikinta ne ya yi kyau, yabo ya kamace ta. Amjad Khan bai taɓa sare hannun kowa ba don ya fito a Gabbar Singh a fim ɗin Sholay. Abin kunya ne a ce babban mutum mai iyali ya zauna yana zagin baiwar Allah da sunanta na yanka saboda kalaman da wani marubuci ya rubuta mata, wani darakta ya ce ta faɗa. Zagi ne, ƙazafi ne, kuma akwai hisabi. Mu da muka taso da umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ban san yadda aka yi muka ɗauka wannan umarni bai shafi abin da ya shigo ta waya ba.

Kada wani ya ce na wanke 'yan fim tas. Akwai fina-finan da suke ɓata tarbiyya da gaske, sai dai ba a gane su da guntun bidiyo. Ana gane su ne da inda fim ɗin ya karkata. Za ka ga an shafe awa biyu kyamara tana lasar motocin ɗan damfara da falonsa da 'yan matansa, an sa masa kiɗa mai daɗi duk inda ya taka, sai saura minti biyar a tashi a kawo malami da carbi ya yi nasiha, ɗan damfara ya fashe da kuka, a rubuta alhamdulillahi. Yaron da ya kalla motar zai tuna, ba nasihar ba. Irin wannan fim zai tsallake masu yankan guntu lafiya lau, don babu wurin da aka taɓa hannun mace. Fim ɗin da ya nuna yadda ƙwaya take rusa gida kuwa, shi za a yi wa ca saboda an ga kwalba a hannun yaro. Wato dai ma'aunin nan yana sakin mai laifi ya kama mai gaskiya.

Akwai wasu dalilan da suke rura wannan ɗabi'a ta yankan guntu, kamar neman mabiya a intanet, da tsadar data, da gabar da ke tsakanin 'yan fim ɗin kansu, amma ba su ne a gabana ba yau.

Ga mai son ya yi magana a kan fim, abu na farko ya kalle shi duka, gani ya kori ji. In mai dogon zango ne irin Labarina na Aminu Saira ko Izzar So ko Daɗin Kowa, ba dole sai ka jira shekaru ba, amma ka faɗi gaskiya cewa zango kaza ka gani, kashi kaza zuwa kaza, hukuncinka kuma a kansu ya tsaya. Kada kuma ka yi gaggawa. Lokacin da Sholay ya fito a 1975 masu sharhi da yawa a Indiya sun kushe shi, makonnin farko kasuwarsa ba ta yi armashi ba, daga baya ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombay. Waɗannan fa sun kalla, suka kuma yi kuskure, balle kai da ba ka kalla ba.

Sannan ka san wanda za ka kama da laifi. In labari ya yi rauni, marubuci ne. In jaruma ta shiga ɗaki da jan mayafi ta fito da shuɗi a fitowa guda, mai kula da ci gaban shiri ne da darakta. In kiɗa ya danne magana har ba ka jin abin da ake cewa, mai haɗa sauti ne. In an nuna 'yar talakawa ta tashi daga barci a ɗakin ƙasa da jagira da jambaki raɗau, mai kwalliya ne da daraktan da ya ƙyale. Waɗannan su ne abubuwan da sharhi yake gyarawa, kuma su ne ba a cika magana a kansu ba. Ka saurari Hausar ma. Sarkin gargajiya a fim ɗin tarihi bai kamata ya yi magana kamar ɗan jami'a ba, bafade kuma yana da irin lafazinsa. Ka tambayi kanka ko waƙar da aka saka ta ciyar da labari gaba, ko an cusa ta ne don a sami abin talla. Idan ka yaba, ka faɗi wurin da ya burge ka. "Fim ya haɗu" ba sharhi ba ne, "fim ɗin banza ne" ma haka.

Kuma don Allah a daina tona ƙarshen labari. Mutum ya sayi data da guminsa, ko ya biya a shagon masu tura fina-finai, kai kuma ka rubuta a layin farko cewa jarumin mutuwa ya yi. In dole sai ka taɓo ƙarshen, kamar yadda na yi wa Mother India mai kusan shekara saba'in, ka tabbata tsohon fim ne ko ka yi gargaɗi.

Tsofaffin fina-finai a auna su da kayan aikin zamaninsu. Matasa suna ɗauko guntun Sangaya ko Wasila suna dariyar hoton da kiɗan fiyano. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da kyamarar kaset aka ɗauke shi, babu masana'anta, babu makarantar koyon fim a kusa, babu kasuwar da ake da tabbas a kanta. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa mutane suka yi ta sayen kaset ɗin, me waɗannan labarai suka taɓa a zuciyar masu kallo wanda na yau mai hoto tangaram yake kasa taɓawa.

Mai sharhin fim ɗin Indiya da aka fassara, shi kuma ya sani muryar mai fassara yake ji. Sau da yawa barkwancin da habaicin na ɗakin fassara ne, ba na Mumbai ba. Ya bambance abin da yake yabo ko kushewa.

In furodusa ya ba ka kuɗi ko ya gayyace ka walima, ka faɗa, ko ka yi shiru da sharhin, don talla daban sharhi daban. Su ma 'yan fim su rage saurin kiran duk mai gyara mahassadi. Wanda ya zauna ya kalli aikinka har ƙarshe ya nuna maka inda makirufo ya leƙo ta saman hoto, ya fi maka amfani a kan yaran da ke bin ka suna kirari.

Abu na ƙarshe, duk fim ɗin da za ka yi magana a kansa ka rubuta sunansa, da shekarar fitarsa, da darakta, da marubuci, da kamfani. Da yawa daga tsofaffin fina-finanmu da ke YouTube an datse sunayen ma'aikatan, wasu an canza musu suna gaba ɗaya, kaset ɗin asali kuma zafi da ƙura sun cinye. Shehu Umar kansa ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wancan fim ne da gwamnati ta sa hannu a kansa. Na 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata babu wata ma'ajiya da ke jiran su, sau da yawa abin da mai sharhi ya rubuta shi ne kaɗai zai nuna wa na baya wanda ya yi su da lokacin da aka yi.