Noman Abin da Ƙasarka Ta Fi Karɓa da Cinikinsa a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, ba kowace ƙasa ce ke karɓar kowace shuka ba. Riɗi na yin kyau a jigawar da ba ta riƙe ruwa, kamar ta jihohin Nasarawa, Binuwai da Jigawa. Citta kuwa ta fi albarka a yankunan Kachiya da Kafanchan, inda damina ke da tsawo. Idan ka duƙufa ga abin da gonarka ta fi karɓa, za ka sayar, ka sayi sauran bukatunka da kuɗin.

Yadda Ribar Ke Samuwa

Kafin shuka, ka auna abin da za ka rasa. Kadadar da ka ba masara a ƙasa mai yashi za ta ci taki mai yawa, amfanin kuma ya zo kaɗan. Da riɗi ka shuka a wurin, da kuɗin taki ya ragu, kuma abin da ka sayar zai iya sayo maka masarar da ta fi wadda za ka girbe.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Japan na sayo kusan dukkan riɗin da take ci daga waje, Sin da Turkiyya ma manyan masaya ne. Nijeriya kuma na sayo mafi yawan alkamarta, domin alkama ba ta yi a nan sai da ban ruwa lokacin hunturu. Kowa ya kawo abin da ya fi masa sauƙin nomawa, kowa ya amfana. Ƙari a kan haka, maimaita shuka ɗaya na ƙara ƙwarewa, kuma 'yan kasuwa na bin yankin da kaya suka taru, kamar yadda ake gani a Dawanau da Maigatari.

Abubuwan Lura

1. Kasuwar waje inganci take saye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Kada ka zuba maganin feshi a kan amfanin da ka adana.

2. Ka shanya riɗi a kan tampol, ka sheƙe shi, ka fitar da yashi da tsakuwa. Kada ka gauraya fari da mai duhu.

3. Kada ka dogara ga shuka ɗaya kacal. Cutar da ta afka wa citta a kudancin Kaduna a 2023 ta bar manoma da yawa cikin bashi. Ka ware filin abincin gida tukuna.

4. Ku haɗa kai cikin ƙungiya, domin masu fitar da kaya sun fi son saye da yawa a wuri guda.

Domin ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku kafin faɗuwar damina.