Babbar Taya Kaɗai Ba Ta Hawa Mambila

Daga Jalingo zuwa Gembu, ta Bali da Serti, akwai kwalta. Amma ƙauyukan kan Mambila da damina sai jif. Shi ya sa mai ƙaramar Suzuki kan so manyan tayoyi, don cikin motar ya daina taɓa laka.

To, a nan gizo ke saƙa. Babbar taya takan fi ƙarfin aksul, watau ƙarfen da ke juya ƙafafun mota. Sai siririn shaf ya murɗe a tsakiyar hawa, ga lodin masara a baya, birki kuma ya rage kamu.

Mutanenmu na Ikko masu aika kayan mota gida daga kasuwar Ladipo, lalle su fara da aksul mai kauri da giyar da ta dace, taya ta biyo baya.