Katin Zamiyar Ƙanƙara Ba Ya Biyan Kuɗin Asibiti

Wani saƙo ya kwana biyu yana kewaya zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna jihar Kolorado ta Amurka, daga na ɗalibai a Boulder har na magidanta a Denver da Aurora. Batunsa katin kakar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne, wato katin da mutum ke saya sau ɗaya ya riƙa hawa duwatsu duk tsawon hunturu ba tare da yankar tikiti kullum ba. Yaran da aka haifa a can suna ganin abokan karatunsu na tafiya dutse kowane ƙarshen mako, su ma suna roƙon a kai su. Iyayen kuwa ba su tashi da wannan wasa ba, shi ya sa duk wanda ya zo musu da bayani cikin harshen da suke ji sai su karɓe shi hannu bibbiyu. Ba na ganin laifinsu. Laifin yana kan wanda ya zauna ya haɗa saƙon, bai sa sunansa ba, bai faɗi inda ya samo maganarsa ba, ya kuma rufe da roƙon a tura wa 'yan uwa don Allah.

Akwai gaskiya a cikinsa, kuma ita ce ta sa aka yarda da sauran. Gaskiya ne katin ya fi tikitin kullum araha ga mai yawan zuwa: katin Epic na kamfanin Vail Resorts, wanda ya fito a 2008 kan dala 579, an buɗe sayar da na kakar 2025 zuwa 2026 kan dala 1,051, alhali tikitin yini guda a Vail lokacin hutu ya haura dala 300. Gaskiya ne kuma babbar hanyar I-70 tana cushewa da motoci safiyar Asabar. Daga nan sai saƙon ya saki hanya. Cewa kati ɗaya yana buɗe dukkan duwatsun jihar ba haka ba ne, domin Epic na shiga Vail da Beaver Creek da Breckenridge da Keystone da Crested Butte, su kuwa Winter Park da Copper Mountain da Steamboat da Arapahoe Basin suna ƙarƙashin katin Ikon na kamfanin Alterra, wanda ya fito a 2018. Cewa a jira Disamba farashi zai faɗo, akasin haka ne: farashin ya fi sauƙi a Maris da Afrilu, yana ta hawa, a farkon Disamba ma rufe sayarwar ake yi. Cewa gida guda na iya karɓa-karɓa da kati ɗaya, wannan ma ƙarya ce, domin katin na ɗauke da suna da hoton mai shi, wanda aka kama da na wani kuwa ƙwace katin za a yi, akan kuma miƙa shi ga 'yan sanda.

Waɗannan duka asarar kuɗi ce ko jin kunya. Maganar da ta tayar mini da hankali ita ce ta ƙarshe, wadda ke cewa wai katin Epic yana tafe da inshora kyauta, in ka karye a dutse kamfani ne zai biya asibiti, saboda haka ba sai ka wahalar da kanka da wata inshorar ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ana iya gane inda wannan ta samo asali. Katin yana zuwa da wani tsari mai suna Epic Coverage, ba a biyan ko sisi a kansa, sunan kuma yana kama da na inshora a kunnen kowa. An ƙirƙiro shi ne a 2020, bayan annobar korona ta sa an rufe duwatsun jihar a tsakiyar Maris, mutane suka zauna da katunan da ba su da amfani. Aikinsa ɗaya ne: ya mayar maka da kuɗin katin, duka ko wani kaso, in wani dalili da aka lissafa ya hana ka amfani da shi, kamar rauni ko rashin lafiya ko rasa aiki ko juna biyu ko rufe dutsen. Ma'ana, wanda ya karya ƙafa a watan Janairu yana iya samun wani abu daga kuɗin katinsa. Kuɗin motar asibiti da na hoton ƙashi da na tiyata da na gashin ƙafa na watanni, duk suna wuyansa.

Abin ma ya wuce nan. Kafin a kunna maka katin sai ka amince da wata takarda, wadda galibi ake danna wa yatsa ba a karanta ba, inda ka yarda cewa ka san haɗarin wasan ka kuma sauke wa kamfani alhakin abin da zai same ka. Uba ko uwa ne ke danna wa yaran da ba su kai shekara 18 ba. Bayan takardar akwai dokar jihar ta kiyaye lafiyar masu wasan zamiya, ta 1979, wadda ta ɗora wa ɗan wasa nauyin haɗarin da ke cikin jinin wasan: sauyin yanayi, ƙanƙara mai santsi, dutse ko kututture da dusa ta rufe, karo da bishiya, karo da turakun ƙarfe. Ana buga wannan gargaɗi a jikin tikiti da allunan bakin dutse. Duk wanda ya karanta su ya san kamfanin da ya nemi ka sa hannu cewa ba ruwansa da rauninka ba shi ne zai biya maka likita ba.

Wani zai ce ai an ga ma'aikatan ceto masu jajayen riguna sun sauko da mutum daga dutse, sun ɗaure shi a kan abin jan marasa lafiya, sun lulluɓe shi da bargo, ba su nemi ko kwabo ba. Haka ne, a yawancin duwatsun Amurka saukowar nan kyauta ce, amma kyautar tana ƙarewa a ƙofar ɗakin jinya da ke gindin dutsen. Daga nan komai da farashinsa, in kuma raunin ya kai a kira jirgi mai saukar ungulu, lissafin ya shiga wani babi. Wata dokar tarayya ta 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda aka kawo ko ba shi da kuɗi, sai dai ba ta yafe bashin ba, takardar biya za ta same ka har gida. Wani kuma zai ce ɗan uwansa a Faransa ya sayi kati haɗe da inshora. Wannan ma akwai shi, ana kiransa Carré Neige, amma saye ake yi daban a kan kuɗin katin, domin a can ko saukowa da mai rauni biya ake yi. Katin Ikon ma an sayar da inshorar rauni a gefensa, ita ma da kuɗinta daban, wanda bai zaɓe ta ya biya ba ba shi da ita.

Saura masu cewa ai Amurka ce, in ta ɓaci sai a kai ƙara. A watan Mayun 2024 Kotun Ƙolin Kolorado ta yanke hukunci a shari'ar wata yarinya 'yar shekara 16 da ta faɗo daga kujerar da ke ɗaukar mutane sama a Crested Butte a 2022, daga tsayin kusan mita 9, ta shanye. Kotun ta ce waccan takardar sauke alhaki ba za ta kare kamfani ba in ya saɓa wa ƙa'idojin da doka ta gindaya masa kan tafiyar da kujerun. Hukunci ne mai muhimmanci, amma a lura da iyakarsa. Ya shafi saɓa dokar da kamfani ya yi ne, bai shafi wanda ya zame da kansa ya faɗi ba, wanda shi ne mafi yawan raunin sabon shiga. A lura kuma da lokacin: shekara biyu aka yi kafin a ce ma an yarda a saurari wannan ɓangare na ƙarar. Asibiti ba ya jiran kotu.

Mu kuma muna da wani dalili na musamman da mai saƙon bai ko tuna da shi ba. Garin Breckenridge yana kan tsayin kusan mita 2,900, kujerarsa mafi nisa tana sauke mutum sama da mita 3,900, inda iska ta yi ƙaranci. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu amosanin jini, wato sikila, kuma da yawa cikinmu AS ne ba su taɓa jin ko ciwon kai ba saboda shi. A irin wannan tsayi, haɗe da gajiya da ƙarancin shan ruwa, jinin AS ma yana iya toshe saifa. Ba kowa hakan ke samu ba, yawancinsu lafiya lau suke hawa su sauko, amma abin yana faruwa. Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya gamu da shi bayan wani wasa a Denver a 2007, har aka cire masa saifa da matsarmama, alhali Denver mita 1,600 ce kawai. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne baƙon da ya zo ziyara daga Kano ko Damagaram, ba shi da inshorar Amurka, aka ɗauke shi a kai shi ya ga ƙanƙara. Ko inshorar tafiya ya yanka, wasu daga cikinsu suna cire wasan zamiya sai an ƙara kuɗi.

Zaɓen kati abu ne mai sauƙi in an raba shi da wannan ruɗani. A duba dutsen da ya fi kusa da gida, a ƙirga kwanakin da za a iya zuwa da gaske, a duba ko ƙaramin kati mai rahusa yana hana shiga ranakun hutun da yara ke gida. Mazaunin Boulder yana kaiwa dutsen Eldora ba tare da ya taka I-70 ba, Winter Park kuma har jirgin ƙasa ke zuwa daga Denver a lokacin hunturu. Kafin a biya, a kira kamfanin inshorar lafiyar gidan a tambaye su ko suna ɗaukar raunin wasan zamiya, da nawa mutum zai fara biya daga aljihunsa. Wanda bai san ko jininsa AS ne ba ya je a gwada, mai sikila kuma ya ga likitansa tukuna. Ku da kuka tura saƙon nan da kyakkyawar niyya, don Allah ku koma zaurukan da kuka tura shi ku rubuta cewa katin Epic ba ya biyan kuɗin asibiti.