Ladabin jiran malami da sanin lokacin tambaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya taɓa halartar tafsirin watan Ramadan a Kazaure, ko sallar Juma'a a Babura, Roni ko Gwiwa, ya san abin da ke biyo bayan shafa addu'a. Malam bai gama sa takalmi ba jama'a sun yanyame shi. Wannan na son gaisawa, wancan na son hoto, ga kuma wani bawan Allah da ya taso daga ƙauye da maganar da ta hana shi barci: ya furta wa matarsa wata kalma cikin fushi, yana son ya san ko igiyar aurensa tana nan. Sai ya kutsa ya faɗi rabin zance cikin hayaniya, malam ya amsa masa gwargwadon rabin da ya ji. Mun ga gidan da ya kusa watsewa saboda irin wannan fatawa ta bakin mota, alhali da an zauna a zaure an bi lafazin daki-daki, da hukuncin ya fito dabam.

Son malamai alheri ne, amma yana da ladubba, kuma Alƙur'ani ne ya fara koyar da su. Malaman tafsiri sun ambaci cewa a shekara ta 9 bayan Hijira tawagar Banu Tamim ta isa Madina da tsakar rana, suka tsaya a bayan ɗakunan Manzon Allah (SAW) suna ƙwala masa kira. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Hujurat suka zargi wannan ɗabi'a, suka nuna cewa da sun yi haƙuri har ya fito da kansa, da ya fi musu alheri. Malamai kuwa su ne magada Annabawa.

Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya riƙi wannan darasi da kyau. Imamu Darimi ya ruwaito cewa yakan ji labarin hadisi a wurin wani sahabi, ya je ya tarar yana ƙailula. Ba ya buga ƙofa. Sai ya yi matashi da mayafinsa a bakin gidan, iska tana kwaso ƙura tana zuba masa, har mai gida ya fito. Idan aka ce masa ai da ya aiko an je gare shi, tunda ɗan baffan Annabi ne, yakan amsa cewa shi ya fi cancanta ya zo. Wannan mai jiran ne daga baya aka yi wa laƙabi da Tarjumanul Ƙur'an. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, shi ma ya yi wasiyya da kiyaye lokacin malami da barin tambayarsa sa'ad da ya gaji.

Sai dai haƙuri dabam, nauyin baki dabam. A Sahihul Bukhari, Ibnu Abbas ya ba da labarin yadda ya shekara guda yana son tambayar Sayyidina Umar (RA) game da wata aya ta Suratut Tahrim, kwarjininsa yana hana shi. Sai a kan hanyar dawowa daga Hajji ya same shi a keɓe, ya yi tambayar. Umar ya amsa masa, sa'an nan ya hane shi da irin wannan jinkiri, ya ce duk abin da yake zaton ya sani ya tambaye shi. Saboda haka maganar saki da idda, da hukuncin gawa, da ibadar da lokacinta zai fita, ba a ajiye su don kunya. Abin da ake nema shi ne wuri mai natsuwa, a kuma same shi da wuri.

Ga ɗalibanmu, na zaure da na Islamiyya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, shawararmu ita ce a fara da zama a majalisin malam. Sau da yawa amsar tana fitowa cikin karatu kafin a tambaya. Idan ba ta fito ba, a tambayi almajiransa lokacin da yake ganin baƙi, a rubuta tambayar a taƙaice, a faɗi dukkan abin da ya faru ba tare da ɓoye abin da ba ya yi wa mai tambaya daɗi ba. A tuna cewa malamanmu da yawa manoma ne, safiyar damina ta gona ce. Wayar salula ma ƙofa ce: Sunna ta iyakance neman izini sau uku, kamar yadda Abu Musal Ash'ari (RA) ya ruwaito, don haka kira goma a jere da tsakar dare ba ladabi ba ne.

Mu ma masu hawa mumbari akwai haƙƙi a kanmu. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Ibnu Ummi Maktum (RA), makahon da ya zo neman sani a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Mata kuma sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ware musu rana, ya ware. Ya kamata kowane malami ya sanar da lokacin da ƙofarsa take buɗe, ga maza da mata, domin kada mai zuwa daga nesa ya kashe kuɗin mota ya koma da damuwarsa. Idan aka tare mu da babbar mas'ala a cikin taro, mu ce a same mu a gida.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da ladabin nemansa, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.