Yadda za ka zaɓi ƙwan fitilar babur mai haske da ƙarko

Duk wanda ya taɓa tuƙa babur bayan sallar isha a hanyar ƙauye ya san darajar fitila. Ga ramuka, ga amalanken shanu da ba ta da ko alamar haske a baya, ga awaki kwance a tsakiyar titi. Babur ɗin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan fitilarka ba ta haska fiye da mita 20 ba, kafin ka ankara da rami ka taka burki, ka riga ka faɗa ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura. Ga ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu kuwa, mutuwar ƙwan fitila da daddare na nufin ya tashi daga aiki ke nan, ko kuma ya sayar da ransa.

Shi ya sa mutane da yawa idan sun je shagon kayan babur ba sa tambayar komai sai wanda ya fi haske. Sai dai sau da yawa daga nan matsalar ke farawa, domin ƙwan da ya fi amfani shi ne wanda ya dace da wutar babur ɗin da kuma gidan fitilarsa.

Fara sanin wutar babur ɗinka

Galibin ƙananan baburan da ke yawo a titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, suna amfani da wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda ake rubutawa 12V. Ƙwan da kamfani ke sanya wa yawancinsu shi ne mai lamba 35/35W, wato wat 35 a doguwar fitila, wat 35 a gajeriya.

Amma ba daga wuri ɗaya duka suke samun wutar ba. A wasu baburan, fitila na shan wuta ne kai tsaye daga koyil ɗin inji, wutar da ake kira AC. Alamarta ita ce fitilar ba ta kamawa sai an tayar da inji, tana dusashewa idan babur na silo, tana ƙara haske idan an murɗa totur. A wasu kuma daga batir take sha, wato DC, kuma galibi da zarar an murɗa makulli za ta kama.

Sanin wannan bambancin ne zai hana ka asarar kuɗi, musamman idan kana son komawa LED.

Wat ba shi ne haske ba

Wat yana auna yawan wutar da ƙwai ke sha ne, ma'aunin haske kuwa shi ne lumen. Ƙwan halojin samfurin HS1 mai 35/35W yana ba da kimanin lumen 825 a doguwar fitila. Samfurin H4 na mota da manyan babura, mai 60/55W, yana ba da kimanin 1,650. Da yake su biyun sun yi kama, wasu kan cusa na motar a ƙaramin babur.

A takarda an samu ƙarin haske, amma a kan titi labari ya sha bamban. Koyil ɗin da aka ƙera don wat 35 ba zai iya ciyar da wat 60 yadda ya kamata ba, sai hasken ya koma ja-ja-ja idan an rage gudu. Idan daga batir ne, zai riƙa zuƙe shi. Zafin da ya ƙaru kuma na iya narkar da soket da wayoyi, ya ƙona kwanon roba mai sheƙi da ke mayar da haske gaba. Garin neman gira sai a rasa ido.

Halojin ko LED?

Ƙwan halojin yana da siririyar wayar ƙarfe a cikin gilashi mai ɗauke da iskar gas. Yana da araha, ana samun sa ko'ina, yana aiki da AC da DC. Rayuwarsa awanni ɗaruruwa ce, kuma girgizar gargada na saurin tsinka wayar. Waɗanda aka rubuta wa ƙarin haske a kwali suna ci da zafi sosai, don haka sun fi saurin mutuwa. Masu shuɗin gilashi kuwa, fentin yana tare wani ɓangare na hasken ne, ko da yake ido na ganin kamar ya fi fari.

LED ba shi da wayar da za ta tsinke, yana shan wuta kaɗan, kuma mai kyau yana daɗewa fiye da halojin nesa ba kusa ba. Sai dai asalinsa da DC yake aiki. Idan babur ɗinka na AC ne, nemi wanda aka rubuta AC/DC a jikinsa, ko mai gyaran waya ya mayar maka da layin fitilar kan batir. In ba haka ba, zai riƙa ƙyaftawa har ya ƙone.

Babban abokin gabar LED shi ne zafin da ke taruwa a gindinsa. Wasu na da 'yar fanka, wadda ƙurar hunturu ke iya toshewa, wasu kuma gindin alminiyam ne mai tsaga-tsaga. Dubban awannin da ake rubutawa a kwali ba za su samu ba idan zafin bai fita.

Akwai kuma batun tsari. An ƙera kwanon fitila ne don ya tattara hasken da ke fitowa daga daidai inda wayar halojin take. LED ɗin da idanunsa ba su zauna a wannan gurbin ba watsa haske yake yi sama da gefe. Mai babur na ganin ya haska gari, alhali kashe wa na gabansa ido yake yi, kuma direban da aka kashe wa ido kan iya yin kan wanda ya haske shi. A cikin hazo da ƙura ma, hasken da ke tashi sama dawowa yake yi idon mai shi.

Idan ƙwai na yawan mutuwa

Idan kana sauya ƙwai duk bayan 'yan makonni, kada ka yi saurin cewa jabu aka sayar maka. Sau da yawa laifin na'urar daidaita wuta ne, wadda makanikai ke kira rektifaya. Ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal a kan ƙarfin wutar da aka tsara na iya rage rayuwar ƙwan halojin da kusan rabi. Sa a auna maka da mita yayin da inji ke aiki: a kan batir, bolt 13 zuwa 14.5 daidai ne, idan ya haura 15 akwai matsala. A duba sakin soket da wayar as, domin su ma suna kashe ƙwai.

Wajen sakawa, kada ka taɓa gilashin halojin da yatsa. Maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi fiye da sauran har ya kumbura ko ya fashe. Riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta.

Bayan an saka, je ka gaban bango da daddare. Tsaya nesa da mita 10 kana zaune a kan babur, ka kunna gajeriyar fitila. Saman hasken ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin fitilarka da kimanin santimita 10. Idan ya haura, a sunkuyar da ita. Ka tuna cewa ɗaukar fasinja ko buhu a baya na ɗaga hancin babur.

A ƙarshe, tafi shago da tsohon ƙwanka domin a gwada gindi da lamba, ka goge gilashin gaba, ka kuma ajiye ƙwai guda a cikin akwatin kayan aiki. Daren da za ka buƙace shi ba zai yi maka sallama ba.