Shirin Musamman: Inji da Batirin Motar Rimot

 Yau zancenmu a kan motocin rimot ne. Ba irin wadda ake saya wa yara da sallah ta mutu kafin la'asar ba. Ina nufin irin wadda magidanta a Amurka da Japan da Turai ke kashe wa kuɗi, su sauya mata inji da taya, su fita tsere da ita.

(Ƙarar mota, sannan a rage)

Mu koma 1981. Wani Ba'amurke mai suna Bob Chandler, daga yankin St. Louis, wanda tun kafin nan ya ɗaura wa motarsa ƙirar Ford ɗirka-ɗirkan tayoyi, ya sa mata suna Bigfoot, ya shiga wani fili ya hau kan tsofaffin motoci ya murƙushe su, aka ɗauki hoton bidiyo. Jama'a suka rikice. A 1987 kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fito da ƙaramar irinta mai rimot, Clod Buster. Abin da ya burge ni shi ne, inji biyu suka sa mata, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma duk tayoyin huɗu suna ja, duk suna karya kwana. Inji biyu fa, a motar wasa!

Waɗancan injina masu burushi ne. Duk mai gyaran janareto ya san burushi, ɗan guntun gawayin nan da ke goga yana kai wuta, yana tartsatsi, yana cinyewa. Injin zamani ba shi da shi. Maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya, koyil na tsaye cak, wayoyi uku suna fita zuwa wata 'yar na'ura da ake kira ESC, ita ke raba wutar bi da bi. Babu guga, saboda haka ƙarfi ya ƙaru, ɓarnar wuta ta ragu.

To ga inda masu saye ke faɗawa rami. A jikin injin za ka ga lamba da haruffan KV. Ma'anarta, sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane volt, in babu kaya a kansa. Ɗauki injin Velineon na kamfanin Traxxas, KV 3500. Ka ba shi volt 7.4, zai juya kusan sau 26,000 a minti. Ka ba shi 11.1, ya doshi 39,000. Mai saye ya ga babbar lamba sai ya ce wannan ne sarki. Ina! Babbar lamba gudu ce, amma tana zuƙe wuta, kuma in motar na da nauyi injin zai yi ta ɗaukar zafi. Shi ya sa manyan motoci masu nauyi ke amfani da wajen KV 2000, sai a ƙara musu volt. In sake faɗa: mota mai nauyi, ƙaramar lamba, batir babba. Mota marar nauyi a fili sumul, nan ne babbar lamba ke da amfani.

Masu hawan duwatsu a hankali kuwa su nemi inji mai sensa, domin marar sensa yakan riƙa fizga in ana tafiyar hawainiya.

Alƙalin duk wannan shi ne zafi. Ka yi gudun minti biyar, ka tsaya ka auna. In injin ya haura digiri 70, rage haƙoran ƙaramar giyar da ke bakinsa, don zafi na kashe maganaɗisu, kuma ba ya dawowa. Wanda zai tuƙa a Sakkwato ko Agadas cikin Afrilu, inda rana kaɗai ke wuce 40, ya san tun farko an ci masa rabin filin.

Ana yi mini alamar lokaci, don haka batir a gurguje. Batirin LiPo ake yayi. Kowace ƙwaya a cikinsa volt 3.7 ce, in ta cika 4.2. Biyu a jere su ne 2S, uku 3S, kuma kada ka ɗora 3S sai ESC ɗinka ya yarda. Lambar mAh tsawon wasa ce. Lambar C kuwa, wai yawan wutar da batir zai iya saki, ni dai ina karanta ta da ɗan shakku, don kowane kamfani da mudunsa.

Kada ƙwaya ta sauka ƙasa da volt 3. In za ka ajiye, bar ta a 3.8. Yi caji da cajar da ke daidaita ƙwayoyin, a kan siminti, kana wurin. Batirin da ya kumbura ya tashi aiki, kada ka huda shi, wuta yake kamawa.

Nan za mu dasa aya. Sai wani makon, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.